Nazarin lamari: yadda muka nemo wa sabobinmu masauki mai araha da isasshiyar wuta da layi

Mu huɗu ne a kamfanin, ni ne mai kula da injina. Aikinmu ajiye darussan bidiyo da na sauti: malamai su ɗora, ɗalibai su kalla ko su sauke. A shekarun farko a gajimare muke, muna hayar kwamfutocin wani babban kamfani muna biya wata-wata. Da masu kallo suka yawaita sai lissafi ya juya mana baya. Kuɗin injinan bai tashi sosai ba, wanda ya yi ta hawa shi ne kuɗin fitar da bayanai, domin a can duk gigabait ɗin da ya fita zuwa wayar ɗalibi sai an ƙirga shi. Muna fitar da kusan terabait 60 a wata, har aka kai lokacin da kuɗin fita shi kaɗai ya zarce duk sauran a haɗe.

Sai muka yanke shawarar sayen sabobinmu, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye darussa suna aika wa masu kallo, mu kai su cibiyar bayanai mu kama gurbi. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Injin naka ne. Gini da wuta da sanyi da tsaro da layin intanet nasu ne. Ka kawo kayanka, su ba ka wuri a rak, wato dogon kabad ɗin ƙarfen da ake jera sabobi a ciki, ka ɗaura, ka kulle, ka tafi.

Kayanmu sabobi shida ne. Biyu na ajiya, kowace da faifai 12. Uku na sarrafa bidiyo da amsa masu kallo. Ɗaya ta rumbun bayanai. Sai suwic, na'urar da ke haɗa sabobin da juna da intanet, da katangar tsaro, mai tace abin da ke shigowa daga waje. Ana auna tsayin gurbi da U, kowane U inci 1.75 ne, milimita 44.45, faɗin kuma inci 19, cikakken rak yawanci U 42. Namu duka sun ci U 11. Rubu'in rak, da yake wajen U 10 ne, ya yi mana kaɗan, don haka rabin rak na riƙa tambaya. Wasiƙun da na fara aikawa layi ɗaya ne: nawa ne rabin rak a wata? Duk wanda ya amsa da tambaya ya amsa: wuta nawa kuke ci?

Kuskuren farko: karanta lambar da ke jikin inji

Na juya bayan sabobin na karanta. Kowace akwatin wutarta an rubuta wat 750. Na ninka sau shida ya ba ni wat 4,500, na aika da wannan. Takardun farashin da suka dawo sun fi abin da muke biya a gajimare. Shugaban kamfanin ya duba, ya ajiye, ya ce, "Injiniya, in haka ne ai gara mu zauna inda muke." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni mako biyu in auna."

Lambar da ke jikin akwatin wuta iyakar abin da zai iya bayarwa ce, ba abin da injin ke sha kullum ba. Sabobin zamani suna da ƙaramar ƙofar kulawa da ke nuna wutar da suke ja a kowane lokaci, a na Dell sunanta iDRAC, a na HP iLO. Na kunna duka kayan a ɗakin gwaji, na ɗora musu aiki irin na gaske, na haɗa da mitar soket don in tabbatar ƙofofin ba su yi min ƙarya ba. Da dare, in ba kowa, wat 1,150. Da rana wajen 1,500. In sabobin bidiyo uku suna juya darussa a lokaci guda, wato sauya bidiyon zuwa sigar da ake aika wa wayoyi, 1,900. Sai wata lamba da ban yi tsammani ba: in aka kashe komai aka kunna gaba ɗaya, faifai 24 suka tashi juyi tare, mitar takan harba zuwa 2,300 na 'yan daƙiƙoƙi kafin ta sauko.

Wato abin da na nema da farko ya ninka buƙatarmu fiye da sau biyu, kuma da mun sa hannu da shekara-shekara za mu yi muna biyan wutar da ba mu taɓa sha ba.

A nan na gane abin da cibiyar bayanai take sayarwa. Filin ƙasa shi ne mafi arha a wajenta. Duk wat ɗin da ya shiga saba zafi yake komawa, kuma dole a kwashe zafin nan da wata wutar. Akwai ma'aunin da ƙungiyar The Green Grid ta fito da shi a 2007, ana kiran sa PUE: a raba duk wutar da ginin ya ci da wadda ta isa injinan kwamfuta. In ya ba da 1.5, to kowane kilowat na saba yana jan wani rabin kilowat a sanyi da asarar hanya. Bayan haka, kilowat ɗin da aka ware maka sai an tanadar masa kaso a batiran UPS, masu riƙe wuta kafin janareta ya tashi, da janaretan kansa, ko ka sha ko ba ka sha ba. Kilowat ɗaya da ba ya tsayawa yana cin kilowat-awa 720 a wata mai kwana 30. Shi ya sa za ka shiga cibiya ka ga rak da rabinsa fanko ana ce maka ya cika. Wutarsa ce ta ƙare. Kuma neman wuta ya ƙaru tun da injinan ƙirƙirarriyar basira suka shigo. Katin lissafinsu na H100 na kamfanin Nvidia guda ɗaya yana iya cin wat 700, takwas ɗin da ake sakawa a saba ɗaya sun kusa ninka duk abin da muke ci sau uku. Da irin waɗannan masu haya ƙaramin kamfani yake gogayya.

Tayin da ya fi kowanne araha

Da lambobi na gaskiya a hannu na sake aikawa. Tayi bakwai suka zo, mafi araha ya ɗauke hankalinmu: rabin rak, layukan wuta biyu, amfiya 8 a layin A da amfiya 8 a layin B, a kan bolt 230, da intanet gigabit 1 babu ƙidaya. Abokin aikina ya haɗa takwas da takwas, ya ce amfiya 16, in an ninka da bolt 230 wat 3,680, har da rara.

Na kira su don in ji daga bakinsu. Mutumin bai ɓoye ba. Ya ce, "Yallaɓai, takwas ce jimillar. Layin B madadin A ne, ba ƙari ba." Haka abin yake a ko'ina. Saba mai akwatin wuta biyu tana raba shanta tsakanin layukan, amma ranar da ɗaya ya ɗauke, duk nauyin kan ɗayan yake faɗawa. In ka cika su biyun, ranar da A ta tafi B za ta bi ta nan take, ka rasa duka. Amfiya 8 a bolt 230 wat 1,840 ne, mu kuma muna kai 1,900. Da na ƙara tonawa sai ya faɗa min cewa rabin sama da rabin ƙasa na rak ɗin bireka ɗaya suke rabawa mai amfiya 16, wato makunnin da ke yanke wuta in nauyi ya yi yawa. Ma'ana, maƙwabcin da ban sani ba in ya ƙara inji ya wuce rabonsa, tare za mu faɗi.

Amfiya ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an san bolt ɗin da take kai. A Amurka, inda ƙa'idar wuta ta ce nauyin da ba ya tsayawa kada ya wuce kashi 80 cikin 100 na bireka, layi mai amfiya 20 amfiya 16 kawai za ka sha. A bolt 120 wannan wat 1,920 ne, a bolt 208 kuma 3,328. Sunan ɗaya, abin da ke ciki ya sha bamban. Tun daga ranar duk takardar da ta zo sai na mayar da ita wat ɗin da zan iya sha dare da rana a layi guda, sannan in kwatanta.

Duk da haka ban watsar da tayin ba, saboda intanet ɗin. Na roƙi su ba ni injin gwaji na kwana biyar, na riƙa tura bayanai da manhajar iperf3 zuwa wurare daban-daban, awa-awa. Da safe layin yana ba da wajen megabit 900 a daƙiƙa, abin sha'awa. Da yamma, daidai lokacin da ɗalibanmu ke buɗe darasi, sai ya sauko ƙasa da 300. Gigabit ɗin ƙofar da aka soka min ce. Hanyar da ke bayanta mutane da yawa ke rabawa. Mu kuwa da yamma muna kai 700. Araha ba ta ado. Muka bar shi.

Lissafin kashi 95

Tayi na biyu wutarsa ba laifi, kilowat 2 da birekarmu ta kanmu. Intanet ɗin ne ya buƙaci zama. An rubuta: alkawarin megabit 100, ana iya hawa har gigabit 1, lissafi bisa kashi 95. Alkawarin shi ne adadin da za ka biya ko ka ci ko ba ka ci ba. Wannan jimla ɗaya ta ci min kwana biyu, kuma ina ganin duk mai neman gurbi ya kamata ya fahimce ta kafin ya kalli farashi.

Ga yadda ake yi. Kowane minti 5 na'urarsu tana ɗaukar ma'aunin abin da ke wucewa ta ƙofarka. A wata mai kwana 30 ma'auni 8,640 ke nan. A ƙarshen wata a jera su daga babba zuwa ƙarami, a zubar da kashi 5 cikin 100 na sama, wato guda 432, a caje ka bisa na gaba da su. Guda 432 ɗin nan awa 36 ne. Saboda haka kana da awa 36 a wata da za ka iya cika layi ba a ƙirga maka ba. Wanda cunkosonsa na kwana ɗaya ne, tsarin ya yi masa daɗi. Mu namu cunkoson awa uku ne kowace yamma, awa 90 a wata. A zubar da 36, saura 54 suna nan, kuma a cikinsu za a ɗauki lambar da za mu biya.

Megabit 1 a daƙiƙa in bai tsaya ba tsawon kwana 30 yana kwashe gigabait 324. Da wannan lissafin terabait 60 ɗinmu matsakaicinsa megabit 185 ne kawai, kuma da wannan lambar na so in yi ciniki. Amma da na ɗauko jadawalin wata uku na yi masa irin lissafinsu, 520 ya ba ni. A tayin nan, megabit 420 za su faɗa cikin rara, kuma kuɗin kowane megabit na rara ya kusa ninka na alkawari sau uku. Farashin da ke saman takarda da wanda za mu biya a ƙarshen wata ko kusa ba su yi ba.

Tsarin kansa ba zalunci ba ne, na ma fi son sa a kan "babu ƙidaya", domin aƙalla an faɗa maka yadda ake awo, kuma kai ma kana iya awonka ka kwatanta. Abin da ake bukata shi ne alkawarin ya kusanci abin da kake ci da gaske, tunda yawan alkawari yana sauko da kuɗin kowane megabit.

Gyaran da muka yi a namu ɓangaren

Kafin in koma ciniki sai na juya kan kayanmu. Ɗaya daga sabobin bidiyo tsohuwa ce da muka saya hannu na biyu, tana cin wat 320 tana yin aikin da bai kai rabin na 'yan uwanta ba. A shekara kilowat-awa 2,800 ke nan da 'yan kai. Muka raba aikinta ga sauran biyun, muka jera juya darussa ɗaya bayan ɗaya maimakon a tare, muka ajiye ta. Ƙololuwarmu ta dawo wat 1,580. Na saita faifan ajiya su riƙa tashi rukuni-rukuni, sabobin kuma kowace ta jira ta gabanta in wuta ta dawo, harbin nan na 2,300 ya ɓace.

A ɓangaren layi, yawancin darussanmu malami ne da allo, hoton ba ya motsi sosai. Mun daɗe muna aika su da nauyin da ya fi buƙata. Muka sake juya su a matakai uku, wayar ɗalibi ta zaɓi wanda ya dace da ita, babu wanda ya yi ƙorafi. Lambar kashi 95 ta sauko wajen 400. Kwafin ajiyar da muke turawa waje kuma muka mayar da shi tsakar dare, muka ɗaure shi a megabit 300. Tunda yana ƙasa da lambar da ake cajinmu a kanta, kuma babu masu kallo a lokacin, ko kaɗan bai ƙara mana kuɗi ba.

Inda muka sauka

Da farko manyan matattarar intanet nake hange, inda kamfanonin layi ke haɗuwa: DE-CIX a Frankfurt, AMS-IX a Amstadam, LINX a Landan. A irin waɗannan wurare masu sayar da layi suna da yawa, gasa tana sauko da farashi, amma wuta da fili ne ake rububi. A 2019 hukumomin Amstadam sai da suka dakatar da ba da izinin gina sababbin cibiyoyi na wani lokaci. Darasin da na ɗauka shi ne ba dole sai tsakiyar matattara ba. Haske a cikin faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 100 yana ƙara wajen milidaƙiƙa 1 zuwa da dawowa. Ga mai cinikin hannun jari wannan magana ce. Ga ɗalibi mai kallon darasi, ƙarin milidaƙiƙa huɗu ko biyar ba zai taɓa jin sa ba.

Muka sami wata ƙaramar cibiya 'yan ɗaruruwan kilomita daga matattarar da ta fi kusa da masu kallonmu, wadda ba ta tilasta wa kowa layinta, kamfanonin layi huɗu suna shigowa ginin. Gani ya kori ji, na je da kaina, da tef ɗin awo a aljihu. Ya yi rana. Rak ɗin da suka fara nuna min zurfinsa milimita 1,000 ne, sabobin ajiyarmu dogaye ne, in an haɗa da wayoyin baya ƙofar ba za ta rufu ba. Suka canja min zuwa mai 1,200. Na tsaya a lungun da ake hura iska mai sanyi, na ɗora tafin hannu a gaban rak daga ƙasa zuwa sama don in ji ko iskar sama ta yi ɗumi. Ma'aunin bango yana nuna digiri 23, cikin iyakar 18 zuwa 27 da ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gini ta ASHRAE ke ba da shawara. Guraben da babu inji an toshe su da faranti, zafin baya ba ya zagayowa gaba. Na nemi littafin gwajin janareta, ma'aikacin ya ɗauko ba tare da jan ƙafa ba, na ga kwanan wata da sa hannu a jere. Wannan littafin ya fi kwantar min da hankali a kan duk abin da ke cikin takardar talla.

Sun rubuta "Tier III" a tallarsu, wato mataki na uku a ma'aunin ingancin cibiyoyin bayanai. Na tambaya ko suna da takardar shaidar Uptime Institute, kamfanin da ke tantance matakan, in suna da ita kuma ta zane ce ko ta ginin da aka kammala, domin biyu ne daban. Suka ce ba su da ita, bisa tsarin suka yi gini. Na ji daɗin amsar don gaskiya ce. Alkawarin rashin yankewa kuma ban ɗora masa nauyi ba: kashi 99.9 yana nufin kusan awa 8 da minti 46 a shekara, 99.99 kusan minti 53, kuma in an saɓa, rangwamen kuɗin haya kawai za a ba ka.

Ƙananan kuɗaɗe su ne suka rage, kuma a haɗe ba ƙanana ba ne. Igiyar haɗi zuwa wani kamfanin layi a cikin ginin tana da kuɗin wata. Aron hannu, wato ma'aikacinsu ya danna maka maɓalli ko ya canja faifai, da rabin awa ake lissafa shi. Adireshin IPv4, tsohon tsarin lambar da ake gane inji da ita a intanet, shi ma haya ne, tun da rumbun duniya na IANA, hukumar da ke raba su, ya ƙare a Fabrairun 2011, na RIPE NCC mai kula da Turai da Gabas ta Tsakiya ya bi baya a Nuwambar 2019. Muka ɗauki rukuni mai adireshi 8, biyar ne ke amfanuwa, sauran muka dogara da sabon tsarin, IPv6. Sakin layin da na fi tsayawa a kai shi ne wanda ya ba su damar ƙara kuɗi in farashin wuta ya tashi. Bayan abin da ya faru da farashin makamashi a Turai a 2022, ban ga laifinsu ba da suka saka shi, amma na nemi a rubuta sanarwar kwana 60 da 'yancin fita ba tara in ƙarin ya wuce wani mataki. Suka yarda. Sun so shekara uku, muka tsaya a wata 12 duk da ya ɗan fi tsada, da sharaɗin za mu iya hawa kilowat 3 a farashi ɗaya.

Abin da muka sa wa hannu: rabin rak, bireka mai amfiya 16 a kowane layi tamu mu kaɗai, alkawarin kilowat 2, alkawarin megabit 400 a ƙofar gigabit 1. Kwafin darussa kuma muka bar shi a wani wuri dabam. Gobarar da ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin gajimare na OVHcloud a Strasbourg ta Faransa a Maris ɗin 2021 ta isa hujja; waɗanda kwafinsu ke gini ɗaya da asalin, wasunsu ba su sake ganin bayanansu ba.

Wata na huɗu

Cibiyar ta aiko da sanarwa tun mako biyu kafin lokaci cewa za a kashe layin A don gyara. Na karanta na kwanta da daɗi, tunda kowace saba tana da waya a A da waya a B. Da lokacin ya yi shafinmu ya ɗauke. Sabobin biyar suna nan a kunne, B ta ɗauke su lafiya, amma suwic ɗinmu da katangar tsaro akwatin wuta ɗai-ɗai gare su, kuma duka biyun a A na soka su ranar da muka tare. Ni da kaina ban iya shiga daga nesa ba, domin ƙofofin kulawar ma ta suwic ɗin suke bi. Sai da na kira aron hannu, ma'aikaci ya je ya mayar da wayoyin B. Minti 40 muka yi a kashe, da yamma, ɗalibai suna tsakiyar karatu. Abin ya dame ni ƙwarai, don duk awon da na yi na wat da megabit bai hana wannan ba.

Muka sayi na'urar da ke sauya layi da kanta, U 1 take ci, mai karɓar A da B ta ba da mafita guda, muka ɗora su biyun a kanta. Muka kuma nemi wata siririyar hanyar shiga ta daban don ƙofofin kulawa. Bayan haka na je na tsaya a bayan rak, abokin aikina yana kallon shafin a wayarsa, na zare A na ƙirga minti biyar, na mayar, na zare B. Darasin da yake kallo bai ko tsaya ba.

Yanzu muna wata na tara. Mitar wuta tana yawo tsakanin wat 1,300 da 1,600, lambar kashi 95 ba ta wuce 430 ba a watan da ya fi kowanne cunkoso, jimillar abin da muke biya kuma bai kai rabin na gajimare ba, ko da an haɗa da kuɗin injinan a rarrabe kan shekara huɗu. Shugaba yana so mu ƙara saba mai katin hoto don rubuta maganar malamai kai tsaye. Na aro irinta, tana ɗakin gwaji a kan mita tun ranar Litinin.